Yadda za ka zaɓi ƙafar keken da za ta ɗauki mutum biyu ko buhu ba ta lanƙwashe ba

Keken manomi aikinsa da yawa. Da safe ya kai buhun taki gona, da rana ya ɗebo ruwa jarka biyu, ranar kasuwa ya ɗauki kwandon tumatir, wata rana kuma a goya mara lafiya a kai shi asibiti. Duk wannan nauyi a kan ƙafafu biyu yake sauka, kuma ta baya ce ke shan mafi yawansa. Idan ta lanƙwashe a hanyar kasuwa, asarar ta wuce kuɗin gyara: tumatir ya kwana, farashin safe ya wuce ka, idan kuma mutum ka goyo, ana iya jin ciwo.

Mu ɗan yi lissafi. A ce nauyinka kilo 65 ne, keken kuma irin namu na ƙarfe ya kai kilo 20. Ka ɗora buhun taki mai kilo 50, an sami kilo 135. Idan babban buhun masara ne mai kilo 100, an doshi kilo 185. Manya biyu a kan keke ɗaya sun kai kilo 150 har da keken. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin ita jarkar.

A Turai da Amurka akwai wani keke mai sirdi biyu da feda biyu-biyu, wanda mutum biyu ke tuƙawa tare, ɗaya gaba ɗaya baya. Tandam suke ce masa. Masu irin wannan keke sun daɗe suna fama da matsala irin tamu, domin nauyin mutum biyu ne a kan ƙafafu biyu, ga su kuma da son keke mara nauyi saboda tafiya mai nisa. Abin da suka gano zai yi mana amfani, don ƙarfe bai san bambanci tsakanin fasinja da buhun gero ba.

Yadda ƙafar keke ke ɗaukar nauyi

Ƙafa abu huɗu ce a haɗe: taya da tub ɗinta, sai wili wanda wasu ke kira rim, sai cibiyar da ke tsakiya wato hob, sai kuma siraran wayoyin da suka haɗa wili da cibiya, wato sifok.

Ka ɗauki sifok ɗaya a hannu, da yatsa biyu za ka lanƙwasa shi. To ta yaya irinsa 36 ke ɗaukar kilo 150? Sirrin yana wajen ɗauri. Kowane sifok an ja shi tamau, kamar tsirkiyar baka. A ƙafar da aka haɗa da kyau, jan da ke kan sifok ɗaya yakan kai kwatankwacin nauyin kilo 100. Duk suna jan wili zuwa ciki lokaci guda, shi ne ya sa wilin ke tsayawa zagayayye da ƙarfi. Idan ka hau, 'yan sifok ɗin da ke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, su ne ke ɗan sassautawa. Da ƙafar ta juya, sai su koma yadda suke, wasu kuma su karɓa.

Matsala tana farawa ne idan ɗaurin bai kai ba. Sifok ɗin da ke da sako-sako, duk lokacin da ya zo ƙasa sai ya saki gaba ɗaya, ya sake tsukewa, ya sake saki. A kilomita ɗaya kawai, ƙafa mai inci 28 tana juyawa sau 450 ko kusa da haka. Ka san yadda ake karya waya idan babu filaya: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke. Haka sifok ke mutuwa, kuma kusan kullum a gwiwarsa yake karyewa, wurin da ya lanƙwasa ya shiga cibiya. Bayan haka, duk sanda ya saki, ɗan notin da ke kansa yana samun damar warwarewa, sai sako-sakon ya ƙaru.

Saboda haka mutane da yawa suna fahimtar abin a baibai. Sifok ya karye, sai a ce ai an ɗaure shi da yawa ne, ko kuma ya yi siriri. Mafi yawan lokaci rashin ɗauri ne ya kashe shi, ko ɗaurin da bai daidaita ba, wasu tamau wasu laƙo-laƙo. Ƙafa mai kaya masu tsada da aka haɗa da ganganci, ƙafar talaka da gwani ya haɗa ta fi ta daɗewa nesa ba kusa ba.

Yawan sifok ya fi kaurinsa amfani

Keke na yau da kullum yana da sifok 32 ko 36 a kowace ƙafa. Masu tandam sun saba amfani da 40 ko 48, musamman a baya, kuma musamman idan za su ƙara kaya a kan nauyinsu. Tsofaffin kekunan Ingila irin su Raleigh, waɗanda iyayenmu suka hau, yawanci 32 ne a gaba, 40 a baya. Masu ƙera su sun san inda nauyi ke sauka. Idan kana da irin wannan tsohuwar cibiya mai huda 40 kuma lafiyarta ƙalau, kada ka yar da ita, ka nemo mata wili mai huda 40.

Dalilin kuwa shi ne, idan sifok suna da yawa, nauyi yana rabuwa a kan da dama daga cikinsu, kuma tazarar wili da ke tsakanin sifok da sifok gajeriya ce. Idan ɗaya ya karye a ƙafa mai 40, za ka iya lallaɓawa ka isa gida. A ƙafa mai 24 ko 28 irin ta kekunan tsere, ɗaya na karyewa sai wili ya karkace har ya riƙa gugar birki.

Wani zai ce ai ƙarin sifok ƙarin nauyi ne. Haka ne, amma nawa? Sifok ɗaya mai kaurin milimita 2 tare da notinsa bai wuce giram 8 zuwa 9 ba. Daga 36 zuwa 40, giram 35 ka ƙara. Ko ka je har 48, ƙarin bai wuce giram 100 da ɗoriya ba, nauyin albasa guda madaidaiciya. A kan kilo 150, wa zai ji wannan?

Maganar kauri kuwa tana da ɗan sarƙaƙiya. Ana auna sifok da lamba, kuma lambar tana tafiya a juye: lamba 14 milimita 2 ne, lamba 13 milimita 2.3, lamba 12 milimita 2.6. Za ka ga wasu masu gyara sun faɗaɗa hudar wili da ta cibiya sun zura sifok mai kauri sosai, har da na babur, wai don ƙarfi. Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Sifok mai kauri ba ya miƙewa sosai idan an ja shi, don haka da wili ya ɗan lotsa a ƙasa sai ya saki nan take. Kafin kuma ka ja shi yadda ya kamata, wilin keke ba zai iya jurewa ba, sai hudar ta fara tsagewa. Ga shi an riga an raunana cibiya da faɗaɗa huda.

Abin da masu tandam suka fi so shi ne sifok mai kauri a gwiwa, siriri a tsakiya, kamar milimita 2.3 a wajen cibiya, sauran jikin 2 ko 1.8. Gwiwar da ke karyewa ta sami ƙarfi, tsakiyar kuma tana miƙewa tana dawowa kamar roba, ba ta saurin saki. Kamfanoni irin su Sapim da DT Swiss suna yin irinsa. Ba kowace kasuwa za ka same shi ba. Idan babu, lamba 14 mai kyau a gaba, lamba 13 ko 14 a baya, sun wadatar muddin an ɗaure daidai. Wanda ba ya tsatsa ya fi, sai dai ya fi tsada. Ka gwada da maganaɗisu: sifok na baƙin ƙarfe da aka shafa wa farin ruwa yana kamawa da ƙarfi, wanda ba ya tsatsa kuwa kamun nasa da rauni ne. Noti kuma na tagulla ya fi, don ba ya cijewa idan an zo gyara bayan damina.

Ka duba saƙar. Sifok na ƙafar baya dole su gitta juna, kowanne ya ƙetare uku, ko huɗu idan suna da yawa kamar 40 ko 48. Ƙafar da sifok ɗinta suka miƙe sambal daga cibiya zuwa wili ba tare da gittawa ba, ta ado ce, ba ta ɗaukar buhu.

Wili shi ne inda ake samun sauƙin nauyi

Idan kana son ƙafa mai ƙarfi kuma mara nauyi, a nan za ka samu. Wili iri uku ne a kasuwanninmu. Akwai na ƙarfe, wanda ke zuwa da manyan kekuna irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya. Akwai na alminiyam mai bango ɗaya. Akwai kuma na alminiyam mai bango biyu, wanda idan ka cire taya za ka ga huda a sama, notin sifok kuma yana can ƙasa a bango na biyu, tsakaninsu fanko kamar bututu.

Mai bango biyu shi ne sarki. Ka tuna bambancin falan ƙarfe da fayif: nauyinsu ɗaya, amma fayif ya fi wuyar lanƙwasawa. Irin wannan wili ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi, ya fi shi tsayawa miƙe, ba ya tsatsa, kuma birki yana kama shi ko ana ruwa. Wilin ƙarfe mai ƙyalli, idan ya jiƙe, sai ka matse birki keken yana ta tafiya abinsa. Wanda ya taɓa gangarowa da kaya cikin yayyafi ya san wannan. Mai bango ɗaya na alminiyam kuwa shi ne mafi rauni cikin ukun, ka bar wa yara 'yan makaranta.

Amma wilin ƙarfe yana da nasa alherin, kada mu zalunce shi. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, idan ya lotsa ana buge shi ya dawo, alhali na alminiyam idan ya tsage shi ke nan. Akwai kuma abu mai muhimmanci: idan birkin kekenka mai sandar ƙarfe ne, wanda robarsa ke jan wili daga ciki zuwa sama, to dole sai wili mai faɗin ciki wanda aka yi don wannan birki. Wilin da aka yi don birkin waya mai matse gefe ba zai yi aiki da shi ba. Ka duba birkinka kafin ka biya kuɗi.

Sai girma. A nan 'yan kasuwa da masu saye suke yawan rikicewa, domin inci da ake faɗa ba ya bayyana komai. A jikin taya akwai wata lamba kamar 40-635 ko 50-559. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma girman wili ne, duk a milimita. Babban kekenmu mai inci 28, wato 28 x 1½, lambarsa 635. Akwai wani inci 28 ɗin na kekunan Turai mai lamba 622, kuma tayar wannan ba ta shiga wancan. Haka inci 26: na keken hawan dutse 559 ne, na 26 x 1⅜ kuwa 590. Ka rubuta lambarka a takarda ka tafi da ita kasuwa.

Idan komai ya zo ɗaya, ƙaramar ƙafa ta fi babba ƙarfi kuma ta fi sauƙin nauyi, saboda sifok ɗinta gajeru ne kuma sun fi buɗewa daga cibiya, don haka tana jure turi daga gefe. Shi ya sa masu tandam da ke tafiya da kaya a hanyoyi marasa kwalta da yawa suka zaɓi 559. Babbar ƙafa kuma ta fi daɗin tsallake rami da gargada. Ba a canja girman ƙafa a firam ɗaya, wannan shawara ce ta ranar sayen keke.

Keke mai giya da keke mara giya

Kekunan gwanjo masu giya sun cika kasuwa, kuma giya tana taimakawa a hawa. Sai dai ka tsaya a bayan irin wannan keke ka kalli ƙafar. Don a samar wa tarin haƙoran giya wuri, sifok na ɓangaren sarƙa sun kusa miƙewa tsaye, na ɗaya ɓangaren kuma sun kwanta. Sakamakon haka na ɓangaren sarƙa suna da ɗauri sosai, na hagu kuma ɗaurinsu kaɗan ne, su ne ke fara saki idan kaya ya yi nauyi. Masu ƙera tandam sun magance wannan ta hanyar faɗaɗa cibiya: ta keken hawan dutse milimita 135 ce, ta tandam kuwa 145, wasu har 160, don ɓangarorin biyu su daidaita. Babban kekenmu mara giya ya sami wannan daidaito kyauta, shi ya sa ƙafarsa ke jure abin da ƙafar keke mai tsada ba ta jurewa.

Akwai kuma maganar sandar da ta ratsa cibiya. A yawancin kekuna masu giya masu araha, ana murɗa tarin haƙoran ne a jikin cibiya kamar noti, sai boris na dama ya zauna can ciki, ya bar doguwar sanda ba madogara. Kaya mai nauyi yana lanƙwasa ta ko ya karya ta a daidai nan. Ɗaya nau'in, wanda ake zura haƙoran a kan wani bututu da ke jikin cibiya, boris ɗinsa yana kusa da firam, sandarsa ba ta cika karyewa ba. Idan mai giya kake so don kaya, nemi wannan, da sifok 36 aƙalla.

Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keken Buffalo don karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi. Kariyarsa an yi ta ne don ɗaukar kilo 100, kuma ba su damu da rage masa nauyi ba, ƙarfi da sauƙin gyara suka sa a gaba. A ganina sun yi daidai. Ko ka rage rabin kilo daga ƙafafu, bai kai kashi ɗaya cikin 200 na abin da kake turawa ba idan da buhu a baya. Ka karɓi sauƙin nauyi idan ya zo tare da ƙarfi, kamar a wili mai bango biyu. Idan sai an rage sifok ko an sirantar da taya za a same shi, bar shi.

Taya da iska

Taya ce garkuwar wili. Mai faɗi tana ɗaukar iska da yawa, tana shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe, kuma ba ta nutsewa a yashi. Ka sa mafi faɗin da firam ɗinka zai ɗauka, amma ka bar 'yar tazara don lakar damina.

Kafin ka ɗora kaya, ka ƙara wa tayar baya iska. Iyakar abin da za ta ɗauka yana rubuce a gefenta, kada ka wuce shi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, da ta bugi dutse sai wili ya datse tub, ka ga huda biyu kusa da juna kamar saran maciji, wilin ma ya lotsa. Idan mai faci ya nuna maka irin wannan huda, kada ka ɗora wa tsidau laifi. A wili mai bango biyu kuma, zaren tsohon tub da aka saba naɗawa ba ya isa, iska tana tura shi cikin hudar har tub ya fashe. Sai da tef mai tauri.

Ga mutanen wurare masu tudu kamar Jos da Mambila, ga wani gargaɗi daga masu tandam. Doguwar gangara da kaya mai nauyi, idan ka riƙe birki ba saki, wili yana ɗaukar zafi har taya ta iya fashewa. Su har birki na uku suke ƙarawa a cibiya saboda wannan. Kai dai ka riƙa matsawa kana saki, ka yi amfani da na gaba da na baya, idan gangarar ta yi tsawo ka tsaya ka taɓa wilin. Idan ya fi ƙarfin hannu, huta.

Yadda ka ɗaure kaya ma yana da tasiri. Nauyi ya zauna daidai saman cibiyar baya ko ɗan gaba da ita. Idan ya zarce baya, gaba tana ɗagawa. Jarka biyu, ɗaya a kowane gefe kuma ƙasa-ƙasa, sun fi jarka biyu a jere a sama, domin ƙafar keke tana da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, amma turin gefe ne ke naɗe ta.

A wurin mai gyara

Sabuwar ƙafa daga kwali ba a gama haɗa ta ba, yawanci ɗaurinta bai kai ba. Kafin ka ɗora mata buhu, kai ta wurin wanda ya iya. Ka zauna ka ga aikin. Ya ɗiga ɗan mai a kan kowane noti, ya ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan yana zagayawa, sannan ya kama sifok bibbiyu ya matse su da ƙarfi da hannunsa har ya zagaye ƙafar, ya sake daidaitawa. Wannan matsewar tana zaunar da gwiwar sifok a mazauninta, tana ƙara masa kwana sosai.

Kai ma kana iya gwadawa. Ka kaɗa kowane sifok da farce kamar tsirkiyar garaya. Na ɓangare ɗaya su yi amo iri ɗaya, mai kaifi. Wanda ya yi "dum" ya saki. Ka juya ƙafar ka riƙe alli ko gawayi kusa da wili, inda ya shafa nan ne karkata take. Ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe: idan kana jin ƙwas-ƙwas, boris na neman ɗauri ko canji. Ka duba kewayen kowace huda ko akwai tsaga, ka shafa gefen wili inda birki ke ci, idan ya rame ya yi kwari, yashi ya cinye shi, canja shi kafin ya fashe. Bayan mako biyu na aiki ka koma a sake dubawa.

Sifok ɗaya ya karye, a canja shi a ranar. Naɗe shi a jikin na kusa da shi da ake yi yana hana shi shiga sarƙa ne kawai, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa. Idan uku ko huɗu suka karye a ɗan tsakani, sauran ma sun gaji, sake saƙa ƙafar da sababbi gaba ɗaya ya fi arha a kan zaryar gyara.

Ƙungiyoyin manoma da ke shirin sayen kekuna da yawa, ku sayi masu girman ƙafa ɗaya da adadin sifok ɗaya, don taya da tub da sifok na wannan su shiga wancan. Ku ajiye ƙafar baya guda ɗaya a haɗe a ofishin ƙungiya, wanda tasa ta lalace ranar kasuwa ya ara ya dawo da ita. Ku sayi makullin ɗaure sifok, ɗan ƙaramin abu ne mara tsada, filaya kuwa cinye kan noti take yi. Ku tura matashi ɗaya ya zauna wurin gwani ya koyi saƙa da daidaitawa. Lokacin da ya fi dacewa a bi kekunan ɗaya bayan ɗaya shi ne ƙarshen damina, kafin a fara kwaso amfanin gona: a wanke laka, a buɗe cibiya a sa sabon giris, a kaɗa sifok a ji amonsu.